Wai farfaganda ce? To, a yi ta yi mana irinta

Ƴan'uwana ɗalibai, yau mu ƴan fada zan taɓa. Wata cuta ta kama mu: mun ɗauka rashin yarda da kowa shi ne wayewa. Mutum ya yi abin kirki, sai mu kurɓi shayi mu ce, "Kai dai bari, akwai abin da yake nema." Shi ke nan, an gama bincike, an yanke hukunci, a koma kan belot.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar wata baiwar Allah a nan Damagaram, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda sunanta ya fito cikin jerin ƴan takarar kwansaye na zaɓen 13 ga Disamba 2020. Ba zan faɗi sunanta ko jam'iyyarta ba, don ba talla na zo yi ba. Ita ce ta tara matan unguwa da ƴan sa kai suka buɗe gidan taimakon masu ciwon daji. Ba likita ba ne, ba a fiɗa, ba a ba da magani. Ɗakuna ne kaɗan, da tabarmi, da littafin rajista. Wanda ya zo daga Mirya ko Magarya ko Tanut ya samu wurin sauka. A karanta masa takardunsa da aka rubuta da Faransanci, a fassara masa abin da likita ya ce, a raka shi, in tafiya Yamai ta kama a buɗe asusu a cika masa kuɗin mota. Tunda sunanta ya fito, sai na ji ƴan boko irinmu suna cewa wai duk farfaganda ce.

Kafin mu yi dariya, mu san abin da muke yi wa dariya. Dajin mama da na bakin mahaifa su ne suka fi kama mata a ƙasar nan, maza kuma dajin hanta yana cinsu, wanda sau da yawa ciwon hanta nau'in B ke jawo shi. Tun 2007 gwamnati ta ce maganin dajin mata kyauta ne. Madalla. Amma kyautar ba ta sayen tikitin bis, kuma daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Ba ta biyan kuɗin mai jinya, ba ta ba ka ɗaki a garin da ba ka san kowa ba. Shimiyo kuma ba zuwa ɗaya ba ne, sai an yi ta komawa bayan ƴan makonni. Wanda ciwonsa ke buƙatar na'urar gashi, har zuwa 2020 sai an fitar da shi ƙasar waje. Ga kuma abin da ke cikin kawunanmu: wai daji ba ya son allura, wai jifa ne, wai kunya ce mace ta nuna mamanta. Sai ƙullutun ya fashe, an sayar da akuya da gona wajen masu magani, sannan a nufi likita. Wannan ramin da ke tsakanin takardar gwamnati da tabarmar marar lafiya shi matar nan ta shiga cikewa.

Yanzu mu zo kan zargin. Kafin na 2020, rabonmu da zaɓen kwansaye tun 2011. An yi ta ɗage shi, ana ƙara wa na kan kujera wa'adi. Gidan nan an buɗe shi a lokacin da ba wanda ya san ranar zaɓe. Wane ɗan farfaganda ne zai yi shekaru yana wankin gyambo don zaɓen da ba rana? Mun san yadda ake farfaganda a garin nan: turmin atamfa, sabulu, buhun shinkafa, jikka biyu a hannun shugaban fada, kiɗa har dare. Sati uku an gama. Mu ne muke karɓa, har mu sa riga mai hoto mu hau kabu-kabu muna ihu. Ban taɓa jin mun kira wannan munafunci ba. Sai da aka samu mai kwana da masu ciwo ne muka tuna da tsarkin niyya.

Wasu kuma na cewa ai don cike kason mata aka sa ta, tunda dokar 2019 ta ɗaga shi zuwa kashi 25 cikin 100. To sai me? In dole sai an cike gurbi, gara a cike shi da wadda ta san kuɗin mota zuwa Yamai, da a ɗauko matar wani babba a rubuta sunanta.

Amma kar a ce na zama maroƙi. Alheri ba tikitin kujera ba ne, kuma ƙuri'a ba tukwici ba ce. Ina da sharuɗɗa, kuma ina so mu je mu faɗa mata ido da ido. Kar hoton marar lafiya ko ɗaya ya hau takardar takara. Kar tutar jam'iyya ta shiga gidan, kar a tambayi mai ciwo wa zai zaɓa. A buɗe littafin kuɗi, kowa ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita. A kafa kwamitin da zai riƙe gidan ko ta ci ko ta faɗi, don gidan da ke tsaye kan ƙafar mutum ɗaya ranar da ya gaji zai rushe. Sannan ta gaya mana abin da za ta yi a majalisa. Tun 2016 aka miƙa wa kwaminoni wani ɓangare na sha'anin lafiya. Za ta nemi a ware kuɗi cikin kasafin meri don jigilar marasa lafiya? Za ta matsa a riƙa awon bakin mahaifa a CSI na unguwanni, tunda awo ne mai sauƙi da ba ya buƙatar babbar na'ura? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ta fi sauran sanin wannan yoyon. In ta ba da amsa, mu auna. In ta yi kame-kame, mu hana ta ƙuri'a, mu ci gaba da taimakon gidan.

Wannan shi ne bambancin mai bincike da mai tsegumi. Niyya tana zuci, Allah kaɗai ya santa. Littafin kuɗi kuwa ana iya buɗe shi.

Mu kuma fa? Muna da ƴan sashen likitanci da na jinya, muna da masu Faransanci a baki. Karanta wa tsohuwa takardar magani ba ya buƙatar digiri. Ba da jini ba ya buƙatar bursi ta fito. Kowace fada ta ware kuɗin sukarin kwana ɗaya a wata, wallahi da an cika tikitin wani. Wanda ya ce farfaganda ce, ga fili ga mai doki: ya zo ranar Asabar ya yi tasa, mu gani.