Lasin Tuƙi Amana Ne

Zancenmu na wannan mako a kan direban da ya sha abin maye ya kama sitiyari ne, da kuma dokar da ke karɓe masa lasin. Wata za ta ce wannan ai zancen maza ne. To, in mota ta kife wa ke shiga takaba? Wa ke zaman jiyya a asibiti, wa ke riƙon marayu?

Lasin takarda ce da hukuma ke ba mutum bayan ta gwada shi, watau ta yarda ya ɗauki rayukan jama'a. Amana ce ke nan, wanda ya ba da amana kuwa yana da ikon karɓe abinsa in aka ci ta. Abin maye yakan sa ƙafa ta yi nauyi wajen taka birki, ido ya kasa auna nisa, alhali shi mai shan gani yake ya fi kowa gwaninta.

A Ingila, wata mace ce ta tsaya aka ƙarfafa wannan doka, sunanta Barbara Castle, Ministar Sufuri. Dā can sai an nuna wa alƙali maye ya ci ƙarfin direba, abin kuwa da wuyar tabbatarwa. A 1967 ta kawo doka mai ma'auni: kowa aka samu da giya fiye da miligiram 80 cikin mililita 100 na jininsa ya yi laifi, ko da bai kaɗe kowa ba. Aka ba 'yan sanda wata 'yar na'ura da direba ke hurawa a bakin hanya. Wanda laifin ya tabbata a kansa a hana shi tuƙi shekara guda a ƙalla. A yau in ya sake cikin shekara 10, sai shekara 3. Maza suka yi mata ca, suna cewa ina macen da ba ta iya tuƙi ba za ta yi musu doka, har da masu aiko mata da takardun barazana. Ba ta ja da baya ba. Cikin shekarar farko, masu mutuwa a kan hanya suka ragu da mutum fiye da 1,000.

A Amurka ma uwa ce ta ta da maganar. A 1980, a jihar Kalifoniya, wani mashayi ya kaɗe 'yar Candy Lightner mai shekara 13 ta mutu, ashe an sha kama shi da wannan laifi. Uwar ta kafa ƙungiyar iyaye mata da ake kira MADD, suka yi ta matsa wa gwamnati. Yanzu a yawancin jihohin ƙasar, ɗan sanda na karɓe lasin nan take in direba ya wuce ma'auni ko ya ƙi yarda a gwada shi, tun ba a je gaban alƙali ba.

Mu nan Nijeriya, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, doka kuwa ta hana tuƙi cikin maye, na giya ne ko na ƙwaya. Mu lura da wannan, don a wajenmu ɓarnar tiramol da wiwi da maganin tari mai kodin ba ƙarama ba ce, har Gwamnati ta hana yin irin wannan maganin tari da shigo da shi a 2018.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Da an kama wani namu, mu ne kan gaba wajen roƙo, muna cewa a yi haƙuri, da motar nan yake ci da iyali. Gaskiya ne, shekara guda ba sana'a ba wasa ba ce, tukunyar gidan ma sai ta ji a jikinta. Duk da haka mu tuna, in tara ce maigidansa ya biya masa, gobe ya koma kan hanya. Karɓe lasin shi ke raba shi da sitiyari har ya dawo hankalinsa. Matar da mijinta ya zauna gida shekara guda ta fi wadda aka kawo mata gawarsa. Kada kuma mu kira ganganci da sunan tsautsayi.

Saboda haka, uwargida, in kin ga alamar shaye-shaye ga ɗanki ko maigidanki mai tuƙi, ki yi masa magana cikin ladabi. In ya ƙi ji, ki kai wa manyansa. Ku kuma 'yan makaranta, in kun shiga mota ko a-daidaita-sahu kuka ga idon direba ya yi jawur, magana na sarƙe masa, ku sauka, kada ku ji kunya. Asarar kuɗin mota ta fi sauƙi.

Allah ya kiyashe mu, amin. Sai mako mai zuwa.