Mu Leƙa Duniya: Masu Shiga Daji Neman Mahaɗar Layuka

A wannan watan ina so ki ɗauko taswirar duniya da ke cikin littafin ɗanki na makaranta, ki dubi siraran layukan nan da suka ratsa ta kamar saƙar tabarma. Na kwance su ne latitud, na tsaye kuma longitud. A doron ƙasa babu su, lissafi ne kawai. Duk da haka akwai masu hawa keke su nausa daji don kawai su tsaya a inda layuka biyu suka gitta juna.

Abin ya faro ne a watan Fabrairun 1996 a jihar New Hampshire ta Amurka. Wani mutum mai suna Alex Jarrett ya ɗauki na'urar GPS, wadda ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam ta faɗa wa mutum inda yake tsaye. Shi da abokinsa suka hau kekuna cikin hunturu, da hanya ta ƙare suka ci gaba da ƙafa cikin daji, har suka kai mahaɗar digiri 43 arewa da 72 yamma. Me suka tarar? Daji ne kawai, ko turke babu. Suka ɗauki hoto suka komo gida.

Daga nan jama'a a ƙasashe da dama suka bi sahu, har abin ya samu ƙa'idoji. Sai ka matso wurin da tazarar da ba ta wuce mita 100 ba, ka ɗauki hotunan yadda wurin yake, in kuma gonar wani ce ka nemi izini. Irin waɗannan mahaɗai 64,442 ne a duniya, mafi yawansu a teku. Tsakanin layin kwance da mai bi masa kilomita 111 ne, don haka duk inda kike, akwai mahaɗa ɗaya da ba ta fi kilomita 79 daga gare ki ba. Layin digiri 12 arewa ma ta birnin Kano ya ratsa.

Wahalar tana ƙarshen tafiyar. Na'ura za ta ce saura mita 500, amma ba za ta ce akwai rafi ko fadama ko sarƙaƙiya a tsakani ba. Shi ya sa masu hankalin cikinsu ke sanar da gida inda suka nufa da lokacin dawowa, su riƙi ruwa, su juyo tun da sauran rana ko da ba su kai ba.

To Uwargida, ina ruwanki da wannan? Ba cewa nake ki bar yaro ya shiga daji ba, kin san halin da dazuzzukanmu da yawa ke ciki. Amma na'urar da Jarrett ya riƙe a 1996, yau tana cikin wayar da ke hannunki. Buɗe taswirar wayar, ki danna ɗigon da ke nuna inda kike, lambobi biyu za su fito, na farko latitud, na biyu longitud. Ki koya wa yaranki karanta su da tura su. Ranar da mota ta lalace wa ɗanki a hanyar da bai san sunanta ba, ko 'yarki ta ɓace a baƙon gari, "ina kusa da wata bishiya" ba zai kai kowa wurin ba. Lambobin nan biyu za su kai.

Ki fara da tsakar gidanku yau da yamma, kowane yaro ya rubuta lambobin a littafinsa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.