Mu San Tsuntsayenmu: Mai Shanya Fikafikai

A wannan wata mun gangara bakin kogin Isa ne, domin mu duba wani tsuntsu da masu shiga kwalekwale tsakanin Yamai da Gaya suka saba gani. Shi ne baƙin nan mai doguwar jela da jajayen idanu, wanda kan tsaya bisa dutse ya ware fikafikai a rana. Masana suna kiransa Microcarbo africanus.

Tsawonsa wajen santimita 55 ne. Ƙafafunsa irin na agwagwa ne, da su yake tuƙa kansa a ƙarƙashin ruwa yana farautar ƙananan kifaye da kwaɗi. To, me ya sa yake shanya? Gashin agwagwa ba ya jiƙewa, nasa kuwa yana shan ruwa. Wannan ne ke sa ya nutse ba wuya, amma in ya fito sai ya shanya jikinsa. Sukan yi sheƙa a gungu bisa itatuwan bakin ruwa, tare da balbela da zalɓe. Macen takan saka ƙwai 2 zuwa 4, ita da namijin su riƙa kwanci bi da bi har wajen kwana 24.

Dalilin ɗauko zancensa shi ne ƙorafin da muke ji daga wasu masunta, wai shi ke ƙarar da kifi, har yara na harbinsa da danƙo. Mu dai muna ganin an bar jaki ana dukan taiki. Tun zamanin kakanni yake cin rabonsa a kogin nan, kifi bai ƙare ba. Abin da ya sauya shi ne ruwan. A fari na 1985 sai da kogin ya daina gudu a Yamai. Ga yashi na cike shi, ga taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, da ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da su kai yara bakin kogi, su ƙidaya waɗannan tsuntsaye, su rubuta a littafi, baɗi su sake ƙidayawa. Inda yake shanya, akwai sauran kifi. Ranar da muka daina ganinsa, masunta ma sai sun nemi wata sana'a.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.