Nafkin Ɗin Jariri: Wanki Daban, Kashe Ƙwayoyin Cuta Daban

 

Kwanakin baya na je duba wata 'yar uwata mai jego a Jiwa, kusa da Gwagwa da Dei-Dei a Abuja. Na tarar jaririn yana ta tsala kuka, da aka kwance shi sai ga mazaunai da matsematsi sun yi jajur. Uwar ta ce: “Wallahi Yaya, kullum sai na jiƙa nafkin ɗinsa da maganin kashe ƙwayoyin cuta.” Da na bi diddigi, ashe ɗauraya ɗaya take yi, saboda kowace jarka sai ta saya wajen mai ruwa, kuma a ɗaki take shanya saboda damina.

Ba ita kaɗai ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi tsada, iyaye da yawa suka rage sayen famfas suka koma wa ƙunzugun tsumma. Wannan ba abin kunya ba ne, da shi aka raine mu. Sai dai yana da ƙa'ida.

Fatar jariri ta fi ta babba laushi. Idan fitsari ya haɗu da kashi ya jima a jikinta, sai ya riƙa cin ta. Danshi da ɗumi kuma su ne abin da ƙwayar kandida ke so, wadda ke kawo jajayen ƙuraje a matsematsi. Ragowar omo ko bilic da ba a ɗauraye ba, shi ma yana ƙona fatar. Ga yadda ya kamata a yi:

Na farko, a canza da wuri. Jariri sabon haihuwa a duba shi duk bayan awa 2 zuwa 3, in ya yi kashi kuma nan take. A kakkaɓe kashin a masai, kada a zuba a kwata, sannan a ɗauraye. A ware wa nafkin bokitinsa mai murfi, a ajiye inda yara ba za su kai ba, kuma kada ya wuce kwana ɗaya ba a wanke ba.

Na biyu, a wanke da sabulu tukuna. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki sosai a kan datti.

Na uku, a kashe ƙwayoyin. Hanya mafi sauƙi ita ce tafasa nafkin na auduga minti 10 a tukunyar da aka ware masa. In bilic ne, irin su Hypo ko Jik, a zuba cokali 2 na cin abinci a ruwan sanyi lita 4, a jiƙa minti 30. Ba kullum ake bukatar wannan ba, sai lokacin da yaro ke gudawa, ko yana da ƙuraje, ko an gaji nafkin ɗin daga wani yaro. Kada a taɓa haɗa bilic da wani sinadari, kada kuma a zuba shi kan tsumma mai fitsari, domin yana tayar da iska mai cutar da huhu.

Na huɗu, a ɗauraye aƙalla sau uku, har sai warin ya tafi. In ruwa ya yi wuya, gara a tafasa a bar bilic.

Na biyar, a shanya a igiya cikin rana, kada a baza a ƙasa ko kan ciyawa. A Yammacin Afirka akwai ƙudan da ake kira tumbu, yana saka ƙwai a ƙasa ko kan tsumma mai danshi da warin fitsari, musamman a inuwa. Tsutsar takan shiga fata ta yi kamar maruru. Guga da dutse mai zafi, ko na gawayi ne, ciki da waje, yana kashe ƙwan.

Shi kuma yaron, a wanke shi da ruwan ɗumi, a tsane a hankali, a bar shi ya sha iska, a shafa Vaseline ko man zink. A bar hoda, a rage wandon leda, kuma kada a sayo man shafawa mai sitiroid a kemis ba da umarnin likita ba.

Idan ƙurajen suka kai kwana 3 babu sauƙi, ko suna ruwa, ko mugunya, ko jini, a tafi asibiti. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, da zarar ya yi zazzaɓi, a kai shi a ranar.

Maigida, ga naka: ƙarin jarka ɗaya ta ɗauraya ta fi kuɗin magani araha. 'Yar uwata ta koma tafasawa da guga, ma'aikaciyar jinya ta rubuta mata man shafawa, yanzu yaro na barcinsa.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.