In Kunne Ya Ji Jiki Ya Tsira, To In Kunnen Ya Mutu Fa?

Yau ina so mu tattauna a kan wata ɓarna da mu ke sayowa da kuɗinmu, mu kawo ta har tsakar gida, mu kuma tarye ta da guɗa. Watau ƙarar kiɗan DJ a wuraren biki da suna.

Kun dai sani, da zarar an kawar da amfanin gona, an sayar da shinkafa da albasa da tafarnuwa, to daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo sai hidimar aure ta kankama. A da, mata kan kifa ƙwarya a ruwa su yi kiɗansu, 'yan mata su buga shantu, in abin ya ƙasaita a kira mai kalangu. Yanzu kuwa sai a ɗauko saurayi da janareta da akwatunan sifika waɗanda su ka kusa kai tsawon mutum, a jera su a ƙofar gida, a murɗa har sai ƙirjin mutum ya riƙa amsawa. Wata za ta ce ai kakanninmu ma sun sha kiɗa, ba su kurumce ba. Gaskiya ne, amma makaɗi mutum ne, hannunsa ya kan gaji, ya tsaya ya sha ruwa, maroƙi ya karɓa. Inji kuwa ba ya gajiya sai in mai ya ƙare.

Bari in ɗan bayyana yadda kunne ya ke, don mu san abin da mu ke wasa da shi. Bayan dodon kunne, can ciki, akwai wani ɗan abu mai kama da katantanwa. A cikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani ta kan kwantar da su, kamar dai yadda iska ke kwantar da shinkafa a fadama. In sau ɗaya ne, shuka ta kan miƙe. Amma in kullum shanu na bi ta kanta, ai ba sauran miƙewa. Abin tsoron shi ne, wanda duk ya mutu cikin ƙwayoyin nan ba ya sake tsirowa, kuma har yau likitoci ba su da allura ko ƙwayar da ke mayar da shi.

Ai kin san yadda ki kan ji in kin dawo daga wurin kamu ko wuni: kunne ya yi dum kamar an cusa auduga, ko ki kwanta ki riƙa jin wani siririn kuka kamar na gyare, alhali ba gyaren. To wannan gargaɗi ne kunne ya ke yi miki. Yau ya kan washe kafin gari ya waye, amma in an yawaita, akwai ranar da kukan zai zo ya zauna ke nan. Cutar kuma ba ta da zafi, ba ta jini, shi ya sa ba a lura. Sai dai a hankali ki ga kina jin muryar mutane amma kalmomi na kuɓuce miki, musamman cikin taro, har a fara cewa wance ta cika "na'am?"

Masana suna auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da a ke kira desibel. Hirar da mu ke yi a tsakar gida wajen desibel 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya jure desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba. In ƙarar ta kai 90, sai lokacin ya dawo awa 4 kacal a mako. In ta kai 100 kuwa, wajen minti 20 ne a mako ɗungurungum. Ƙarar wuraren rawa masu manyan sifika ta kan kai 100, har ta wuce. To ki lissafa da kanki: daga la'asar zuwa bayan isha'i minti 20 nawa ke nan? Ba sai kina da na'ura ba za ki gane. In sai kin ɗaga murya sosai kafin wadda ke zaune dab da ke ta ji ki, ƙarar ta wuce kima.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Hukumar nan ta ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda irin wannan sauraro. Don haka a watan Maris na 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa, cewa kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100, a tanadi wurin da mutane za su je kunnensu ya huta, a kuma samar wa mahalarta abin toshe kunne. A nan Nijeriya ma akwai dokar ƙayyade ƙara tun 2009, a ƙarƙashin hukumar NESREA. Sai dai kun sani, na sani, ba wani ma'aikaci da zai taso daga Abuja ya zo lungunmu ranar kai amarya. Mu ne za mu kula.

Waɗanda su ka fi ba ni tausayi su ne yara. Ku duba da kyau a kowane biki, su wa ke cincirindo a bakin sifika? Yara ne, wasu har kara kunne su ke yi a jikin akwatin don su ji yana girgiza su. Ga kuma mai jego ta shiga fili da jariri a goye, kansa daidai da bakin sifika. Ita tana iya matsawa in ta ji abin ya yi yawa, shi kuwa ina bakin faɗa? Kukan da ya ke yi ma ba mai jin sa. Mu da ke tsayawa gaban allo mun san ƙarshen abin. Yaron da ba ya ji sosai ba ya cewa "Malama, ban ji ba." Shiru ya ke yi, ya kwafi na maƙwabcinsa, a yi shifta ya faɗi, a gida a ce taurin kai ne, a makarantar allo a ce daƙiƙi ne, har ya sha bulala a kan abin da ba laifinsa ba. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Mu tuna a ƙasar nan tamu ne Nana Asma'u ta riƙa tura jajinta ƙauyuka suna karantar da mata, kuma yawancin matan nan da kunne su ka ɗauki karatun, su ka hardace, su ka koya wa 'ya'yansu. Ashe bai kamata mu jikokinsu mu yi sakaci da wannan ƙofa ta ilmi ba.

Sai kuma shi kansa mai DJ ɗin. Ɗan wata ne, ƙanen wata ne, neman abincinsa ya fito. Ke biki ɗaya ki ka je a mako, shi kuwa yana iya yin uku ko huɗu, ga sifika a gefensa, ga janareta a bayansa. Da kunne ya ke sana'ar, kuma kunnen ya ke kashewa. Da jinsa ya fara raguwa sai ya ƙara murɗawa, don shi a wurinsa sautin ya yi ƙasa, sai kowa ya kwashi rabonsa.

Maganin kuwa ba mai tsada ba ne. Akwai ɗan matoshin kunne na soso da a kan samu a manyan shagunan magani da wurin masu sayar da kayan ma'aikata, ki saƙa wa mai zuwa Sakkwato ya nemo. In an sa shi daidai ya kan rage ƙara da desibel 15 zuwa 30. Da hannu mai tsabta za a murza shi ya zama siriri, a ja kunne sama da ɗaya hannun, a zura, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura ya cika ramin. In ya yi dauɗa a yar. Akwai kuma na roba wanda a ka yi musamman don makaɗa, yana rage ƙarfi amma waƙa na fita tangaran, shi ya fi dacewa da mai DJ. Kada wata ta ce ai sai in cusa auduga, auduga ba ta tare wani abin kirki. Jariri da ƙaramin yaro kuwa ba a cusa musu komai a kunne, nesanta su za a yi, a bar su cikin gida wurin tsofaffi. Wadda ke jin kunyar a gan ta da abu a kunne, ai ɗankwali da mayafi sun rufa mata asiri. Wannan matoshi zai yi amfani har ga mai tsaron injin niƙa da mai injin casar shinkafa, da maigidan da ke wuni kusa da injin ban ruwa a gonakin rani na Wurno da Goronyo.

Na san wata za ta ce, in an rage sauti sai a ce bikinmu bai yi armashi ba, na gidan su wance ya fi shi. Haba 'yar'uwa! Armashin biki yana ga fara'a da abinci da zumunci. Mutane sun taso daga Gandi da Achida da Shinaka don su gaisa, sai su koma ba wadda ta ji abin da 'yar'uwarta ta faɗa? Ga maƙwabta, a cikinsu akwai majinyaci da tsoho da mai son yin salla cikin natsuwa, kuma duk mun san haƙƙin maƙwabci a addininmu. Batun ko kiɗan ya dace ko bai dace ba, wannan na bar wa malamai. Ni dai abin da na ce, wadda za ta yi, ta yi da kima.

Saboda haka uwar biki, tun da ke ce mai biya, ke ce mai magana. Tun wajen ciniki ki gaya wa mai DJ iyakar da ki ke so. A ɗora sifika sama da kan mutane, a juya bakinta daga inda a ke zaune, a ja tabarmi da kujeru baya, don a fili duk sa'ad da a ka ninka tazara ƙara na raguwa da wajen desibel 6. A sa babbar yarinya ta riƙa korar yara daga bakin akwati. Bayan kowace awa a tsai da kiɗa na ɗan lokaci, a ci abinci, a gaisa. Wadda kuma kukan kunne ya wuce mata kwana biyu bai tafi ba, ko ta lura ɗanta ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, kada a tsaya ɗiga man ja ko saka tsinke. A tafi asibiti. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Biki na 'yan kwanaki ne, kunne kuwa da shi za ki ji kiran salla da muryar jikokinki. Allah Ya ba mu lafiya da zuri'armu, Ya sa albarka a aurarrakinmu, amin. Sai mun sake saduwa.