A Daina Kiran Kowa Da Kowa "Infoma"

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina a kan wata kalmar Turanci da ta shiga bakin jama'a a ƙauyukanmu, muna ta jifan juna da ita ba tare da mun san nauyinta ba. Kalmar ita ce "infoma".

Ni dai manomi ne, idan rani ya yi kuma ina ɗan taɓa kasuwanci, in sayi masara da dawa da waken suya a kasuwannin ƙauye in kai gari. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, don haka masu ilmi su yi mini afuwa. Amma rediyo ba ta barin hannuna ko a gona, kuma ina da yaro a sakandare mai ƙamus na Turanci. Wani dare na sa shi ya buɗe mini, yana karantawa yana fassarawa, sai na ga ashe su masu harshen ba suna ɗaya suke ba kowa ba.

Wanda muke ce wa ɗan leƙen asiri, su "spy" suke cewa, wato mutumin da ke tattara sirrin wata ƙasa ko wani kamfani a ɓoye yana kai wa waɗanda suka aike shi. Idan kuma suna so su girmama shi sai su ce "secret agent". Rabin wannan suna ai mun san shi, shi ne ejan ɗin nan da 'yan siyasa ke ajiyewa a rumfar zaɓe, ma'ana wakili. To wannan wakili ne na ɓoye, yana da albashi, yana da shugaban da yake ba bayani, kamar James Bond ɗin fim mai lamba 007. Wanda yake ci nan ya ci can, yana yi wa ɓangare biyu aiki, "double agent" ne, mu sai mu ce mai baki biyu. Akwai ma wanda suke kira "mole", sunan wata 'yar dabba mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, shi ne na cikin gida da ke yi wa abokan gaba aiki shekara da shekaru, irin su Kim Philby, babban jami'in leƙen asirin Ingila da ya tsere zuwa Mosko a 1963.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda sunan yake canzawa bisa ga wanda ake yi wa aikin. Eli Cohen, wanda Siriya ta rataye a 1965 saboda ya yi wa Isra'ila leƙen asiri, a can Isra'ila gwarzo ne, a Siriya kuwa maci amana. Mutum ɗaya, aiki ɗaya. Saboda haka tambayar farko kullum ita ce, wa yake kai wa labarin?

Haka ita ma infoma ɗin. Yaron ya nuna mini kalmomi biyu masu kama da juna. "Informant" shi ne duk mai ba da bayani, ko ga 'yan sanda, ko ma ga ɗalibin jami'a da ya zo tambayar tsofaffi tarihin gari. "Informer" kuwa ta fi kusa da zagi, mai kai ƙarar mutanensa a ɓoye, sau da yawa don kuɗi. Mu kuma muka haɗa su a buhu ɗaya muka ɗinke bakin.

Alhali Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da ɗan leƙen asiri, muna da ɗan sandan ciki, muna da jami'an farin kaya, waɗanda hukumarsu ta samu a 1986 bayan gwamnatin Babangida ta rushe NSO ta raba ta gida uku. Muna da ɗan rahoto. Can ƙasa kuma ga magulmaci da munafuki, waɗanda ba su da albashi sai zunubi.

Malam Edita, ba don son iyawa na kawo wannan magana ba. A yankinmu yau idan aka ce wane infoma ne, abin da kowa ke ji shi ne mai kai wa 'yan bindiga labarin wanda ya sayar da shanu ko wanda ɗansa ya aiko da kuɗi. Kuma wallahi akwai su, ban musa ba, sun sa an kwashe mutane an karya gidaje. Har a watan Satumba na 2021 sai da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomi na Katsina, aka dakatar da kasuwannin mako, kuma toshe bakin irin waɗannan mutane yana cikin dalilan da aka bayar. Mu 'yan kasuwa mun sha wuya a lokacin, muka haƙura.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Akwai wani maƙwabcina mai sayar da burodi a kan babur, ƙauye zuwa ƙauye. Sana'arsa ce ta sa kullum yana hanya, kullum waya na kunnensa. Bayan wani hari da aka kawo, sai wani da suke da rigimar iyakar gona ya ce a majalisa, "Ni fa ban yarda da yaron nan ba, kamar infoma ne." Shi ke nan. Kafin magariba an yi masa dukan da har yau ba ya iya ɗaga hannunsa na dama sosai. Da mai gari da jami'an tsaro suka bincika wayarsa ba a samu komai ba sai lambobin masu shayi. Ya kwashe iyalinsa ya bar garin, gonar kuwa kowa ya san wanda ke nomanta yanzu.

Ni kaina abin ya taɓa ni. Mai sayen hatsi dole ya tambaya, buhu nawa wane ya samu bana, yaushe zai fitar, nawa aka ba shi. To ai waɗannan su ne tambayoyin da mugun ma yake yi! Yanzu sai in tsaya a bakin kasuwa kamar kurma, in jira a kawo mini.

Ta ɗaya gefen kuma, mutumin kirki da ya ga baƙin fuska a bayan gari ya sanar da hukuma, shi ma su 'yan bindigar infoma suke ce masa, kuma su neme shi. Suna ɗaya ga mai ceton gari da mai sayar da gari, to wa zai yarda ya buɗe baki?

Don haka ina kira ga 'yan jarida da masu karanta labaru a gidajen rediyo, tunda daga bakinku muke ɗauka, don Allah ku riƙa fayyacewa. In mai kai wa 'yan bindiga labari ne, ku ce ɗan rahoton 'yan bindiga, kuma ku ce "wanda ake zargi" har sai kotu ta tabbatar. In mai taimakon hukuma ne, ku ce mai ba jami'an tsaro bayani. Ɗan leƙen asiri kuma ku bar wa masu aikin ƙasa da ƙasa. Su kuma 'yan sa-kai, duk wanda aka nuna muku, ku tambayi mai nunawar abin da ya gani da idonsa da kuma abin da ke tsakaninsu, sannan ku miƙa wa hukuma da ransa da lafiyarsa.

Gobe kasuwa ce, zan je in Allah ya yarda, amma wayata a gida zan bar ta wurin uwargida.



Naka mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan kasuwa,
daga yankin Funtuwa, Jihar Katsina.