Isra'ila Ba Agogon Allah Ba Ce

A majami'u da yawa na ƙasar nan an mai da wata magana tamkar ginshiƙin bangaskiya: wai ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948 ita ce zaɓaɓɓiyar al'ummar nan ta Littafi Mai Tsarki, duk abin da gwamnatinta ta aikata daidai ne, kowane yaƙi da ya ɓarke a can kuwa alamar kusantowar fyaucewa ce. Har tuta mai fari da shuɗi ake kafawa a gefen bagade. A matsayina na Kirista nake ƙin wannan koyarwa.

Ba daga manzanni muka gaje ta ba. John Nelson Darby, wani mai wa'azi na Ailan, shi ya tsara ta a wajajen 1830, ya raba shirin Allah gida biyu, na Yahudawa daban, na Ikilisiya daban. A 1909 Cyrus Scofield na Amurka ya buga Littafi Mai Tsarki da bayanan wannan ra'ayi a gindin shafuka, masu karatu suka riƙa haɗiye bayanin mutum tare da maganar Allah. Kusan shekara 1,800 Ikilisiya ta yi tana jiran dawowar Almasihu ba tare da wannan jadawali na ƙarshen zamani ba.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A 1970 Hal Lindsey ya ɗora shekara arba'in a kan 1948, mabiyansa suka zuba wa 1988 ido. Harold Camping ya yanke 21 ga Mayu, 2011 a matsayin ranar fyaucewa, har wasu suka bar aiki, suka ƙarar da dukiyarsu. John Hagee ya cika duniya da zancen jan wata a 2014 da 2015. Duk sun wuce, gari ya waye. Ai tun a Matiyu sura 24 Yesu ya rufe ƙofar lissafin ranar dawowarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda koyarwar ta makantar da mu ga 'yan'uwanmu. Maniyyacinmu ya isa Baitalami, ya durƙusa a Cocin Haihuwa, ya yi cinikin gicciyen itacen zaitun, ya dawo gida ya liƙa JP, alamar ya ziyarci ƙasa mai tsarki, a bayan sunansa. Bai tambayi mai shagon ba, wanda wataƙila Kirista ne Bafalasɗine da kakanninsa suka riga namu jin bishara da ɗaruruwan shekaru. A 2009 Kiristocin Falasɗinu suka fitar da takardar Kairos suna roƙon ikilisiyoyin duniya su saurare su. Ranar 19 ga Oktoba, 2023, harin jirgin Isra'ila ya faɗa harabar Cocin Waliyi Porphyrius a Gaza, mutum 18 da suka fake ciki suka mutu. Majami'u nawa ne a nan suka yi musu addu'a? Mu da muka san ƙaurin cocin da aka ƙone a Borno da Adamawa, bai kamata a ji mu shiru ba.

Kada ma a kira wannan ƙaunar Yahudawa. A jadawalin, ana tara su ne domin yaƙin Armagedon, inda ake sa ran mafi yawansu za su hallaka. Ƙin Bayahude zunubi ne, kisan da aka yi a Isra'ila ranar 7 ga Oktoba, 2023 kuma mugunta ce tsagwaronta. Amma zaɓen Allah bai taɓa zama lasisin zalunci ba: Natan ya tsawata wa Sarki Dawuda, Amos ya tuhumi Isra'ila ta zamaninsa kan danne matalauta. Bulus kuma, a Galatiyawa sura 3, ya lissafa duk na Almasihu cikin zuriyar Ibrahim.

Fastocinmu, ku daina karanta labaran yaƙi da murna. Ku koya wa jama'a su nemi adalci da zaman lafiya ga Bayahude da Bafalasɗine baki ɗaya. A kan wannan za a tambaye mu ranar shari'a.